Mai Sharhi a Motar Jiratawa

A shekarun da nake koyar da lissafi a wani kolej na unguwar Zariya, nakan rubuta wa wani shafi na intanet labarin wasannin bidiyo. Ba na sa sunana. Masu karatu duk sun ɗauka namiji ne, ni kuma na bar su a haka.

Wata damina wani wasan noma ya fito a salula: ka share gona, ka yi shuka, ka jira ruwa, in ka yi sakaci tsutsa ta cinye. Sati biyu ina buga shi kafin na yi rubutu a kansa. Na ce an tsara shi da hankali, sai dai ruwan cikinsa ba ya taɓa saɓa alkawari, abin da duk wanda ya tashi a garin Tsibiri kamar ni ya san ba haka ruwa yake ba.

Kafin la'asar sharhi ya cika ƙasan rubutun. Wani ya ce, "Ni na fara zuwa." Wani ya ce, "Wa ke gani daga Sabon Gari?" Wata ta liƙa tallan turare. Biyu suka kama zagin juna kan wata mawaƙiya da ta rina gashinta, wadda ko sunanta ban ambata ba. Da yawa suna tambayar inda ake samun wasan, alhali a layi na uku na faɗa. Ko can ba su kai ba.

Ranar Asabar na shiga motar Jiratawa, za ni sunan ɗiyar ƙanwata. Kusa da ni wani mutum ne cikin shadda mai sheƙi, zobba uku a hannu, turarensa ya cika motar. Tun daga tasha kansa na cikin salula yana dariya shi kaɗai. Da ya ga ba wanda ya tambaye shi, sai ya juyo gare ni.

"Hajiya, ji abin da na rubuta ma wani sakarai." Ya gyara murya ya karanta: "Wanda ya rubuta wanga bai taɓa riƙe hauya ba. Ɗan birni, je ka gona ka ga noma!"

Na leƙa. Rubutuna ne.

"Malam, ka buga wasan?" na tambaye shi.

"Ni? Ina ni ina wasan yara."

"To ka karanta abin da ya ce?"

"Hoton ya ishe ni. Ke mace ce, ba ki san su ba. Irin su sai da zafi-zafi." Ya nuna mini yawan waɗanda suka danna masa alamar yatsa, fuskarsa na walƙiya kamar wanda aka ba kujerar mer, magajin gari.

Na dubi hannunsa. Tafin sumul, ko kanta ɗaya babu. Ni kuwa tun ina ƴar shekara tara nake bin mahaifina gona, har yau alamar tana gindin yatsuna. Abin da na ji ba fushi ba ne. Raini ne, mai sanyi, har ya kusa ba ni dariya.

Mun fita gari, shuka ta kai gwiwa dama da hagu. Na nuna wata gona ta taga.

"Malam, tunda kai manomi ne, wancan me aka shuka?"

Ya ɗan leƙa. "Hatsi mana. Gero."

Wata tsohuwa da ke bayanmu riƙe da buhun zogale ta ce, "Ɗana, dawa ce hwa. Ba ka ga faɗin ganyen ba?"

Motar ta ɗauki dariya, har direba. Mutumin ya ce gilashin ne ya yi ƙura, kuma ai dawa da gero duk ɗaya ne a ciki. Tsohuwar ta ce a cikinsa dai. Ya koma salularsa, yatsansa na ta aiki.

Na so in gaya masa ko ni wace ce. Har na buɗe baki, sai na fasa. Da na faɗa, da ya samu sabon abin rubutawa: ashe mace ce, shi ya sa.

A bakin kasuwar Jiratawa ya sauka. Kafin ya rufe ƙofa ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, in kin samu rezo, intanet ya kama, ki danna mini yatsa."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

A gidan suna, bayan an ci an watse, na duba shafin. Ya riga ya bar maganar noma. Yana can ƙarƙashin hoton wata ƴar fim yana koya mata ɗaurin kallabi. Na kife salular a kan tabarma, na karɓi jaririyar daga hannun ƙanwata.