Duwatsun Inna Tafasa

Duk wanda ya ce maka don daɗin miya ake cika shagon Inna Tafasa, to ko dai bai taɓa shan miyar ba, ko kuma tana tsaye a bayansa da ludayi. Miyarta ba laifi, ba ta taɓa kashe kowa ba. Kifi ne da albasa da kabewa da gishiri. Wata rana gishirin ya zo da danginsa kaf, wata rana ya yi tafiya bai bar sallahu ba. Amma shekara ashirin da biyu ke nan, da zarar sanyi ya shigo, manoman da ke tsallako kogi da kayan lambu ba su da wurin zama sai bencinta.

Tafasa ba iyayenta suka sa mata ba, aikin maƙwabta ne, don tsakaninta da tukunyarta ba a san mai riga wani tafasa ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, in ta ƙwala wa mijinta kira daga bakin murhu, yana tsakiyar kogi yake amsawa. Shi Mai Fito ake ce masa, don shi ke tsallakar da mutane da kwalekwale. Tun da ya aure ta ya ninke maganarsa ya ajiye, wai baki ɗaya ya ishi gida.

Da tukunya ɗaya ta fara, a gindin bishiya kusa da tashar kwalekwale. Sanyin farko ta sha wuya. Manomi zai sauko ƙafarsa jiƙe, haƙoransa na kaɗawa, ya kurɓi miya a tsaye ya ruga kasuwa. Sai wata safiya dutsen murhu ya gangaro, wani tsoho ya matsar da ƙafarsa kusa da shi, ya lumshe ido. Kwano uku ya sha bai tashi ba. Inna ta dubi tsohon, ta dubi dutsen, ta dubi miyarta, ta gane wanda ya yi aikin a cikinsu.

Daga nan ta shiga tara duwatsu, kuma ba kowane dutse ba. Baƙi take nema mai sulɓi, kamar girman burodi, ta ƙwanƙwasa shi da cokali ta kara kunne. Wanda ya yi ƙara garau ta ɗauka, mai muryar mura ta jefar. Sai ya yi bazara guda a kan rufin shago yana shan rana kafin ya ga wuta, sannan ta yi masa zane uku da ƙusa. Da yamma ta binne su cikin garwashi, da safe ta zaro su da awartaki, ta naɗe kowanne da tsumman buhu, ta tura ƙarƙashin benci. Manomi ya cire takalmi ya ɗora ƙafa, shi ke nan, ko ruwan zafi ka zuba masa a kwano zai ce a ƙaro.

Garin na da bikin kasuwar sanyi na kwana uku. A rataya fitilu daga tasha har cikin rumfuna, a yi tseren kwalekwale, a auna kabewar da ta fi kowacce girma, masu kiɗa su hana jarirai barci. Shagon da ƙungiyar manoma ta ba ciyarwar waɗannan kwanakin, shi ke fara zaɓen kaya a bakin ruwa har shekara ta zagayo, kafin kowa ya taɓa. Wanda bai samu ba sai ya jira ragowar kasuwa, tumatir mai hawaye da kabeji mai tsutsa. Inna ba ta taɓa sanin ragowa ba.

Bana sai ga sabon gidan abinci a tsallaken titi, da ƙofar gilashi, da talabijin, da kuku mai farar hula kamar an kifa masa bokiti. Mai wurin ma Mai Gilashi aka sa masa. A faɗi gaskiya tun da Inna ba ta kusa, miyarsa ta fi tata nesa ba kusa ba. Ciyaman ɗin manoma, mutum mai tumbi da son a ce ya yi adalci, ya ce bana ba zai zaɓa ba. Ranar farko ta biki, inda manoma suka fi zama da safe, nan ne.

Ana cikin haka Auta ta dawo. Ita ce ƙaramar 'yar Inna, ta yi makarantar girki a birni, har ta samu aiki a otal. Shekara biyu tana damun uwar da magana ɗaya.

"Inna, dubi ƙafarki yadda ta kumbura. Ki rufe wannan ramin hayaƙin ki zo ki huta. Ga ɗaki, ga famfo."

"Famfon ne zai yi min gardama da safe?"

"Ni zan yi miki."

"Taki ba ta da gishiri." Inna ta juya miya. "To ji nan. In manoma suka tsallaka wurin mai bokiti a ka, na rufe na bi ki. In suka zauna nan, ki rufe min baki har shekara biyar."

Mai Fito yana gefe yana ɗinkin raga. Ya ɗaga kai ya dube su, ya mayar.

Auta na son uwarta ta bi ta, amma ba ta son a ce an kayar da ita a gaban gari. Saura kwana biyu biki, Inna ta tafi sayen itace, yarinya ta zage damtse. Ta wanke bango, ta shimfiɗa leda mai furanni a kan tebur, ta kafa wata hita ja mai ɗumama ɗaki da ta taho da ita daga birni. Duwatsun nan kuwa da ta tsana tun tana ƙarama, don su suka sa ake ce mata 'yar mai gasa ƙafa a makaranta, ta loda su a baro sawu biyu, ta tura har ƙarshen tasha inda ruwa ya fi zurfi, ta juye.

Inna ta dawo ta tsaya a ƙofa. Maƙwabta suka leƙo ta taga suna jiran a fara faɗa, har mai ɗinki ya tsayar da kekensa. Inna ta ajiye itace. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin benci, ta miƙe, ta nuna hita da ludayi.

"Wannan jan idon fa?"

"Ɗumi yake bayarwa, Inna. Ba hayaƙi, ba toka."

"Kunna mu gani."

Aka kunna. Kyanwar shagon ta zo ta kwanta a gaban hitar ta cinye ɗumin duka.

"Madalla. Kin yi wa kyanwa biki. Manomi arba'in kuma ƙafa tamanin, su bi layi a bayanta?"

Nan Auta ta gane ta yi ɓarna. Washegari tun kafin uwar ta fito, ta sauka bakin kogi ta tsinto duwatsu cike da baro, masu kyau, masu sheƙi, ruwa na ɗiga daga jikinsu, ta cusa su cikin garwashi. Duk ɗan bakin kogi ya san jiƙaƙƙen dutse ba ya shiri da wuta, amma ba a koyar da wannan a makarantar girki. Inna na shigowa dutse na farko ya fashe kamar bindiga. Na biyu ya tsaga gindin ƙaramar tukunya, miya ta bi ƙasa, kyanwa ta fita ta taga ba ta dawo ba sai bayan biki. Mai Fito ya leƙo, ya ga kowa da ransa, ya ce, "To." Maganarsa ta ranar ke nan.

Auta ta zauna a benci tana kuka. "Inna, wallahi ba da gangan na yi ba. Kar ki ce don ki bi ni ne."

"Da na san da gangan ne da na ji daɗi, in ce na haifi mai wayo. Share hancinki. Ɗauko min mayafina."

"Ina za ki? Na cikin ruwa ko an tsamo su ba za su bushe ba."

"Wa ya ce miki su ke nan gare ni?"

Abin da Auta ba ta sani ba shi ne, a shekara ashirin da biyu Inna ta yi wa duwatsu sama da ɗari zane, amma ba ta taɓa samun fiye da arba'in a shago ba. Manomi in ya gama cin kasuwa, ya tuna sanyin da ke jiransa a kan ruwa, sai ya dawo shan kwano na ƙarshe, dutse kuma ya bi shi cikin riga. Kowa na ganin shi kaɗai ya iya. Sun manta cikin kwalekwalen wa suke zama suna rungume da ciki kamar masu juna biyu. Mai Fito ba ya magana a gari, amma da yamma yakan ce wa matarsa, "Dogo, ɗaya," ya ci gaba da cin abincinsa. Ita kuwa ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Da la'asar, manoma na haɗa kwanduna za su koma, Inna ta hau kan wani akwatin tumatir a bakin tasha.

"Dogo mai albasa! Ina kwanan dutsena mai zane uku da ke tokare ƙofar akurkinka?"

Dogo ya dubi sama kamar ana kiran wani Dogon.

"Mai Kabewa, kai uku ne, har da wanda matarka ke niƙa barkono a kai. Ka gaishe ta. Tsoho Mai Karas, kai ba na jin haushinka, na ƙafar surukarka ne, amma a ara min shi kwana uku."

Dariya ta kece. Kowa na nuna ɗan'uwansa, sai ta kira nasa sunan ya sauke hannu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da aka ɗauka, da inda aka ajiye. Da ta iso kan Ciyaman sai ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, "Ranka ya daɗe, manya ba a kiran sunansu a kasuwa." Ta sauko.

"Ban ce kowa ya ci abincina ba," in ji ta tana gyara mayafi. "Mai son miyar bokiti ya je, na ji an ce da daɗi. Kayana kawai nake so gobe da safe."

Safiyar biki aka tashi da sanyin da ke sa mutum ya tsani ruwan wanke fuska. Hazo ya kwanta a kan kogi, fitilun tasha na ci, Mai Gilashi ya buɗe ƙofa ya saki kiɗa, ƙamshin miyarsa har cikin shagon Inna. Ita kuwa ta baza garwashi rabin tsakar shago, ba dutse ko ɗaya a ciki, tana tsaye da awartaki. Auta sai leƙen ƙofa take yi.

"Inna, in ba su kawo ba fa?"

"Yanka albasa."

Kwalekwalen farko ya fito daga hazo ya nutse har kusan baki, Mai Fito na tuƙi yana gumi cikin wannan sanyin. Manoma suka sauko suna tafiya kamar agwagi. Dogo ya ɗaga albasa ya zaro dutse daga ƙasan kwando, ya miƙa ba tare da ya haɗa ido da ita ba. Mai Kabewa ya kawo uku, ɗaya na warin barkono. Inna na karɓa tana duba zane, tana turawa cikin wuta.

"Sai fa ya yi rabin awa kafin ya ɗau zafi," ta ce musu. "Mai sauri ya tsallaka titi."

Ba wanda ya motsa. Mutumin da ya ɗauko dutse tun daga gida a kan cinyarsa ba zai bari ƙafar wani ta riga tasa hawa ba. Suka jeru a benci kowa na gadin nasa da ido, suna musun wane ya fi daɗewa da sata. Zaman banza kuma ba daɗi, sai aka fara miƙo kwano. Ranar ma gishirin ya zo da danginsa. Kowa ya shanye ya nemi ƙari.

Ciyaman ya fara shiga wurin Mai Gilashi, don adalci. Ya sha miya ya lashe cokali, ya yaba, amma sanyin tayil ɗin ƙasa ya hau masa ƙafa har gwiwa. Mutum shida ya tarar a can, huɗu baƙi ne 'yan kallon tsere. Ya tsallako yana rangaji, aljihun rigarsa biyu sun ja wuyan rigar har ƙirji. Ya tsaya a gaban Inna ya yi gyaran murya.

"A hanya na tsince su."

"Allah sarki. Tun shekara tara suna kwance a hanyar, ranka ya daɗe?"

Shagon ya ɗauki ihu. Ciyaman ya zauna ya cire takalmi, ya ce ai ba sai an ƙirga kawuna ba, mai ido ya gani. Auta ta kawo masa kwano da kanta, Inna ta bi ta da kallo.

"Shekara nawa muka ce?"

"Biyar, Inna."

"Ɗakin nan mai famfo, ki sa kyanwa a ciki in ta dawo."

Auta ta ƙara sati biyu kafin ta koma bakin aikinta, kullum tana bakin kogi da cokali tana ƙwanƙwasa duwatsu, uwar na daga sama tana ce mata wannan mura gare shi, jefar. Ranar da aka tashi daga biki kuwa, Mai Fito ya dawo daga sawun ƙarshe ya zauna cin abinci. Ya kai loma biyu, ya ce, "Dogo, ɗaya. Ciyaman, biyu."

"Bar su," in ji Inna tana kankare tukunya. "Gidansu ya fi shagon nan tsaro. Can Auta ba ta zuwa shara."