Sharhabilu Disamba

A bayan kasuwar Batsari, dab da injin niƙa, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa da ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse. In ka ce kana neman gidan su Sharhabilu, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce gidan su Disamba, ko ɗan yaye zai nuna maka. Yaro ne siriri, ga kunnuwa kamar za su tashi da shi sama, magana kuwa sai an roƙe shi. Uwarsa Tasalla mai dafaffen rogo ita ke yin maganar su biyu, har ta ara ma maƙwabta.

Asalinsu mutanen Runka ne, can ƙasar Safana. A garin nan mace a ɗakinta take haihuwa, ungozoma ta yanke cibi, shi ke nan. In an tambayi ranar haihuwar yaro sai a ce ai lokacin da gero ya fara fidda kai ne, ko ana saura kaɗan a kama azumi. Shi kuwa gogan tun a ciki ya fara gardama, ya zo a gicciye, sai da aka kwashi Tasalla a bayan a-kori-kura aka kai ta asibitin Safana. A can aka ba ta wani kati da aka rubuta ranar, ƙarshen Disamba na dubu biyu da tara. Tasalla ba ta karatun boko, amma kowa a Runka ya sha labarin katin nan.

"Ɗana ɗan asibiti ne," in ji ta. "Gwamnati ta san da zamansa."

Ta naɗe shi a leda ta sa a ƙasan kwalla. Mijinta Mannir ya rasu yaron yana rarrafe, ya rage daga ita sai ɗan sai kwalla.

Da shi da tsaransa suka kai munzalin kaciya, bayan an gama girbi, aka tara su su huɗu aka yi masu kaciya rana ɗaya: shi da Nasiru da Bashir da Abdulhakim. Zaure ɗaya suka yi jinya, akushi ɗaya, ana yanka masu kaji suna faɗa a kan ƙundu. A Runka wannan shi ne sa'a. Wanda kuka yi kuka tare a hannun wanzami, shi ne tsaranka har furfura. Suna warkewa suka fara buga ƙwallon tsumma a sheƙar da ake sussuka. Bashir na baya yana shure duk abin da ya motsa, Abdulhakim na tsakiya yana ba da umarnin da ba mai bi, Nasiru kuwa ko bai ɗaga kai ba ya san inda Sharhabilu zai ɓullo. Ya aje mashi ita a gaba, shi kuma ya sa ƙafar hagu.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gona, gidajen nan huɗu mota ɗaya suka shigo zuwa Batsari. Tasalla ta bar gado, ta bar awaki biyu, amma kati na ɗaure a bakin zane. Yaran gari suka riƙa kiran su 'yan hijira, suna kwaikwayon maganarsu. Ba su damu ba tunda su huɗu ne. Tare suke zuwa makaranta, tare ake korar su, tare suke zuwa fili da la'asar. A nan Armaya'u ya gan su. Tela ne mai shago a bakin kasuwa, amma in ka kira shi tela ba ya amsawa sai ka ce koci. Ya ɗinka masu jesi da ragowar yadin mutane, ya ba Sharhabilu lamba tara.

Sai wani mai sayar da taki ya sa kofi na yara, duk shekara in an yi hutu. Gida biyu aka raba: 'yan ƙasa da sha uku, da 'yan ƙasa da sha biyar. Aka ce ƙaramin gida sai wanda aka haifa daga Janairun dubu biyu da goma zuwa sama. Ranar tantancewa aka kafa tebur a gindin darbejiya, wani malami mai gilashi ya zauna da biro. Yaran ƙauye ba su da takarda, kowa ya sani, don haka in yaro ya zo sai malamin ya dubi haɓarsa, ya dubi tsawonsa, in bai ga gashi ba ya rubuta mashi ɗaya ga Janairu, dubu biyu da goma. Nasiru ya zama ɗan Janairu. Bashir ya zama ɗan Janairu. Abdulhakim ma haka. In ka bi ta biron malamin nan, duk matan ƙasar Safana rana ɗaya suka yi naƙuda.

Sharhabilu ya matso. Malami ya dubi haɓa, fes take kamar bayan kwano. Ya sa biro ke nan sai aka ji murya daga bakin fili.

"Malam, tsaya! Tsaya don Allah!"

Tasalla ce, mayafi na jan ƙasa, hannu duk man ƙuli. A kasuwa ta ji wai ana korar yaran da ba su da shaidar haihuwa, ta bar farantin rogo wajen mai awara ta sheƙa gida.

"Wannan ba irin su ba ne," ta ce tana haki. "Shi da shaidarsa. Ga ta nan, ta gwamnati."

Armaya'u ya dafe kai. Malami ya warware leda, ya gyara gilashi, ya daɗe yana kallo.

"Inna, ai ɗanki ya wuce."

"Ya wuce ina?"

"Ya girmi wannan gidan. Disamba aka haife shi."

"Wa ya girma? Abdulhakim? Da cikin wannan na je sunan Abdulhakim, na ci tuwo har na amayar a bakin rijiyarsu. Ku tambayi uwarsa!"

Fili ya ɗauki dariya. Abdulhakim ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsa.

"Kaciyarsu ɗaya fa, Malam. Wanzami ɗaya, aska ɗaya."

"Inna, mu ba kaciya muke dubawa ba."

"To ku duba mana, ga su nan tsaye!"

Har mai biron sai da ya yi dariya. Da ta ga dai da gaske ake, sai muryarta ta yi ƙasa. Ta miƙa hannu.

"To ba ni abina. A yi kamar ban zo ba."

Ina. Kociyoyin sauran unguwanni sun riga sun kewaye tebur, kowa ya karanta, har wanda bai iya karatu ba. Kafin magariba yaran Batsari sun sa mashi suna Disamba.

Armaya'u ya ja shi gefe ya zaunar da shi a kan ƙafar mashin.

"Saurara, ɗana. Bana ka shiga babban gida. Baɗi su ma za su hauro su same ka, kai kuma shekararka ta ƙarshe ke nan. Shekara ɗaya za ku buga tare, ku huɗu. Za ka iya jira?"

Ya gyaɗa kai. Abin da ya riƙe ke nan.

Babban gida ba wurin yaro mai kunnuwa ba ne. Samari ne masu murya kamar ta jakai, wasunsu in an ce sha biyar sai dai a ce Allah ya sani, don har da mai aske gemu da safe. Kafaɗa ɗaya suke sa mashi ya tsinci kansa wajen layi. Aka ba shi benci, ya riƙe shi da amana har ƙarshen gasa. In ƙananan na da wasa sai ya je bayan raga ya tsaya. Wani ɗan gari ne ya gaji lamba tara, jesin ta yi mashi ɗamau. Sharhabilu ya ga Nasiru ya aje ƙwallo a inda babu kowa, ya ɗaga kai yana dube-dube. Sati na biyu ma haka. Daga na uku Nasiru ya koyi inda ɗan garin yake tsayawa.

In an tashi yana bin su Nasiru wajen mai awara. Su yi ta labarin wasa, wa ya yanke wa, wa ya ɓarar, alƙali ya yi son kai. Shi yana tauna yana dariya inda aka yi dariya. Ba wanda ya kore shi. Wata rana dai sun tafi ba su waiwayo ba, shi kuma bai kira su ba, daga nan bin ya ƙare.

Sai ya koma bangon injin niƙa. Kullum da la'asar, ya buga ma bango, bango ya maido mashi. Matan da suka kawo niƙa su yi ta tsokanarsa.

"Disamba, yau ma kai da abokin naka? Wa ke ci?"

"Disamba, wai yaushe za ka shiga Janairu ne?"

Ya yi murmushi ya ci gaba. A gida kuwa Tasalla, wadda ba ta iya shiru ko a gidan makoki, ba ta sake ambaton gwamnati ba. In ta sauke tukunya sai ta zaɓi rogon da ya fi fashewa, ta barbaɗa ƙuli da yawa ta tura mashi. Shi ma bai taɓa ce mata don me ba.

Damina ta faɗi. Aka ce an ɗan samu sauƙi a wajen Runka, uban Bashir ya ce shi ba zai mutu yana cin tsaba ta awo ba alhali ga gonarsa. Ya kwashe iyalinsa, don gona na son hannu. Bashir ya zo sallama da sassafe, ya tsaya a ƙofar langa-langa.

"In an fara kofi zan zo," ya ce. "Ko a ƙafa."

Su duka sun san hanyar nan ba ta biyuwa don ƙwallo. Nasiru kuwa a bakin mai awara Sharhabilu ya ji labarinsa, wai wansa ya tafi da shi Abuja wankin babura, kwana uku ke nan. Ranar bangon injin ya sha duka har mai injin ya fito ya ce za a tsage mashi gini.

Saura Abdulhakim. Shi kuma cikin shekarar nan ya miƙe kamar karan dawa, Armaya'u ya ga tsawon ya yi yawa a bar shi a banza, ya maida shi gola.

Hutu ya zo, aka buɗe gasa. Sili ɗaya ƙwale ne, aka haɗa su da yaran Karare, manoman gyaɗa masu ƙwauri kamar taɓarya. Armaya'u ya cika alkawari, ya sa Sharhabilu tun farko. Yaro ya shiga fili ya waiwaya. Can ƙarshen duniya ga Abdulhakim a raga yana tofa ma safar hannu yawu. Tsakaninsu yaran gari tara.

Ya yi gudu ranar. Ya shiga duk lungun da ya saba shiga, ya ɗaga hannu, ya sauke. Yaran garin tun suna ƙanana suke tare, kowa ya san ƙafar ɗan'uwansa, shi kuwa ba su san inda zai ɓullo ba, ba su ma duba ba. Kafin hutun rabin lokaci Karare ta ci ɗaya.

Ana dab da tashi Abdulhakim ya cafke wata. 'Yan baya na kiransa ya gangaro masu, ya ƙi. Ya ɗaga kai, ya hango kunnuwan nan, ya ɗaga ta sama da iya ƙarfinsa. Ta tsallake kowa ta faɗo gaban Sharhabilu. Ya tare da ƙirji, ya yanke ɗaya, ya sa hagu. Golan Karare ya yi tsalle bai taɓa ta ba. Ta daki turke ta dawo fili, wani ƙato ya share ta zuwa cikin gonar mutane. Alƙali ya busa usur.

Aka watse. Abdulhakim ya zo yana cire safa, ya dafa kafaɗarsa.

"Kai, da ta shiga!"

"Da ta shiga."

"Ba komai, baɗi ma rama." Sai Abdulhakim ya tuna. Shi a takarda yana da sauran shekara. Sharhabilu kuwa ba wani gida a sama da wannan.

Wani ɗan gari ya danna hon, su uku a kan mashin, sun bar ɗan wuri a baya. Abdulhakim ya dubi mashin, ya dubi Sharhabilu.

"Je ka mana," in ji Sharhabilu. "Ni zan biya ta shagon koci."

Ya bi ta bayan kasuwa shi kaɗai. Ya wanke jesin a bakin famfo, ya matse, ya rataya ma Armaya'u a ƙofar shago da jiƙonta. Ya tarar da Tasalla a tsakar gida tana ɓare rogon gobe. Ba ta je fili ba, tun ranar tebur ba ta sake taka wurin ba.

"Kun ci?"

"An ci mu."

"An sa ka?"

"An sa ni, Inna."

Ta ci gaba da ɓara, ba ta ɗago ba.

"Da su wa ka buga?"

"Da Abdulhakim."

"To," ta ce. Ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya ɗauki ɗaya wuƙar, ya zauna kusa da ita.