Hajiya Sai-Gobe ta Ɗakin Gwaji

Ƙarfe bakwai na safe tana ɗakin gwajin asibiti, kafin ma mai shara ya iso. Ta rataye jaka, ta zura farar riga, ta buɗe akwatin ɗumi, ta riƙa ɗaga farantan da aka shuka jinin marasa lafiya a kansu don gano ƙwayar cuta, tana dubawa a hasken taga. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki!

Ƙa'idar wurin ita ce in an kwana biyar ba abin da ya tsiro, a zubar. Ita kuwa in jinin mai na'urar bugun zuciya ne, sai ta ce, "A bari sai gobe." Haka sunan ya bi ta. Abokan aiki har tsiya suke mata, wai ta mai da akwatin rumbu.

Sai aka kawo wani tela mai na'ura a ƙirji. Wata biyu zazzaɓi na cin sa, magani ya ƙi aiki, kowane gwaji ya fito ba komai. Matarsa ta fara haɗa kaya, ta ce gara ya cika a ɗakinsa.

Kwana na goma sha ɗaya, wani abu fari kamar auduga ya tsiro a farantinsa. Hajiya ta duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta, sai ga ta, dattijuwa da ita, tana hawan bene da gudu zuwa ɗakin marasa lafiya!

"Likita, fumfuna ce! Kar ku sallame shi!"

"Wane faranti, Hajiya? Na ɗauka an zubar."

"Wa zai zubar ina raye?"

Ashe fumfunar ta manne wa wayar na'urar ne. Aka cire na'urar, aka canza magani, daga baya aka sa masa sabuwa.

Ranar da aka yi wa Hajiya taron ajiye aiki, telan ya zo da ƙafarsa. Bai taɓa ganinta ba sai da likita ya nuna masa ita. Ya durƙusa yana hawaye. "Hajiya, ashe ke ce?"

"Tashi, ɗana, kar ka sa ni kuka gaban yaran nan."

Ke ce mai haƙurin jira, Hajiya, kuma mun gode, Allah ya saka miki. Ku da kuka gaji kujerarta, kafin ku kai hannu kwandon shara, ku tuna kowane faranti yana da mai shi kwance a sama.