Ranar da Hayaƙi Ya Kusa Kashe Baba Direba

Abubuwa da yawa na farkon aikina sun shige mini duhu, amma akwai wata damina guda da ko na so mantawa da ita ba zan iya ba. Duk lokacin da na tuna ta sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

A lokacin na dawo daga bautar ƙasa da takardar injiniya a hannu, babu aiki. Kawuna, wan mahaifiyata da ke Ƙofar Ran, yana da babbar motar ɗaukar kaya 'yar Kwatano, sai ya ce in riƙa kula masa da ita: in duba mai da ruwa, in kai ta gareji in ta yi ciwo. Ya kamata in faɗi wani abu game da halina. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Ko ƙarfe nawa aka tambaye ni, sai na duba agogo sau biyu, sannan in ce "ina jin ƙarfe uku ne." A makaranta wannan halin ya taimake ni. A gareji kuwa ya kusa jawo asarar rai.

Direban motar dattijo ne, mutumin kudancin jiharmu, mai yawan barkwanci. Baba nake ce masa, shi kuma Injiniya yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana. Wata safiya ya sauko daga motar yana murza goshi.

"Injiniya, motan nan yana sa ni barci. Kaina kuma kamar ana buga shi da guduma. Ko tsufa ne ya zo?"

Na ce masa zan duba, kuma na duba ɗin. Wata fitila ruwan ɗorawa tana ci a gaban sitiyari, motar ba ta da ƙarfi a kan tudu, hayaƙinta baƙi ƙirin. Na jona 'yar na'urar binciken da na aro wajen abokin karatuna, ta nuna cewa matatar hayaƙi ta toshe. Irin waɗannan motoci suna da wata tukunya a jikin salansa da ke tace toka. In ta cushe, hayaƙin ba ya samun hanyar fita, sai ya nemi inda bututun ya fi rauni ya fasa. Na shiga ƙarƙashin motar, na ga baƙin kunkunniya ya yi zane a mahaɗar bututu, daidai ƙasan kujerar direba. Robar da ke rufe gindin giya ita ma ta yage. Wato hayaƙin yana da ƙofar shiga har cikin kan mota, inda Baba yake yini.

Na san wannan duka tun ranar. Ina nanata haka ne domin kada in yi wa kaina sassauci.

Muka kai ta garejin da Kawu ya saba, can wajen hanyar Shadawanka. Mai garejin babban mutum ne, ya daɗe yana yi wa Kawu gyara, kowa Oga yake ce masa. Na tsaya gabansa na fara bayani, muryata ƙasa-ƙasa.

"Oga, ban sani ba ko na yi daidai, amma kamar dai matatar ce ta toshe. Wataƙila kuma bututun ya ɗan tsage."

Ya dube ni tun daga takalmi har hula. "Kamar? Wataƙila? To ka sani ne ko ba ka sani ba, ɗan boko? Tun ba a haife ka ba nake kwance salansa."

Mutanen wajen suka yi dariya, ni ma na yi murmushin dole. Ya kira Kawu a waya ya ce ƙaramin abu ne, kafin la'asar an gama. Kawu ya ji daɗi, domin akwai takin zamani da manoma ke jira, ruwa kuma ya riga ya sauka.

Na tafi sallar azahar na ci abinci. Da na dawo, Oga ya tayar da motar ya nuna mini gaban sitiyari ina tsaye a ƙasa. "Ina fitilarka? Ta mutu." Na leƙa, babu haske. Na durƙusa na duba ƙarƙashi, na ga an naɗe tsagin da gwangwanin madara, an ɗaure da waya. Na ce, "Wannan zai riƙe kuwa?" Ya ce, "Zai riƙe har ka yi aure." Aka sake dariya. Na ce a raina mai yiwuwa ya wanke matatar ban gani ba, mai yiwuwa ya san abin da ban sani ba. Na miƙa wa Baba mukulli da hannuna.

Bayan kwana biyu, da yamma, aka yi ruwa mai ƙarfi. Baba ya ɗaga gilasai duka saboda feshi, ya daɗe a layin lodi injin yana aiki, sannan ya kama hanya. Ya wuce Inkil kaɗan ya ji idonsa yana rufewa. Allah ya taimake shi ya taka birki ya karkata gefe, motar ta zame cikin kwalbati a bakin wata gona. Manoman da suka fake a wata rumfa ne suka buɗe ƙofa suka jawo shi, yana amai, bai san inda yake ba.

A asibiti likita ya ce hayaƙi ya shaƙa, da ya ƙara daɗewa a ciki da labarin ya canja. Matar Baba tana zaune a bakin gado. Da na gaishe ta ta ɗago kai.

"Kai ne Injiniyan? Kullum ya dawo da ciwon kai sai ya ce kar in damu, Injiniya ya duba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na je inda motar take. Na shiga kan mota, warin hayaƙi har lokacin bai fita daga kujerun ba. Na zauna a mazaunin Baba, na murɗa mukulli, na kai fuskata kusa da gilashin fitilun. A nan na ga abin da ban gani daga ƙasa ba. An yanka baƙin salatif, ɗan ƙarami, an gyara gefunansa tsaf, an manna a kan fitilar. Na sa farce na ɓare. Tana nan tana ci. A ƙarƙashi kuwa gwangwanin ya fashe, tsagin ya ninka na da. Ko kusoshin matatar ba a taɓa ba, tsatsarsu tana nan yadda take.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Na ɗauko Kawu muka tafi garejin. Na ajiye salatif ɗin a kan bencin Oga.

Ko a jikinsa. "Haka kowa yake yi," in ji shi. "Fitilun Turawa ne, man gas ɗinmu ba irin nasu ba ne, ko ka gyara gobe za ta kama. Abin da ya samu direba kuma ƙaddara ce."

Na ce, "Oga, ƙaddarar ce ta ɗauki almakashi ta yanka wannan?"

Kawu ya taɓa ni. "Kai, babba ne fa."

"Kawu, Baba direba ma babba ne. Yana can kwance."

Oga ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni a natse. "To kai da ka sani, me ya hana ka faɗa? Cewa ka yi wataƙila. Ni ba na kwance tukunya a kan wataƙila."

Shi ya yi ha'inci, wannan babu shakka, kuma har yau ban yafe masa wannan salatif ɗin ba. Amma maganarsa ta same ni inda ya dace.

Na riƙe mukulli na ce wa Kawu motar ba za ta motsa da mutum a ciki ba sai an gyara ta, ko da takin zai yi mako yana jira. Ya yi faɗa, ban ba da mukullin ba. Aka ja ta wani gareji. Na tsaya a kai aka kwance matatar aka wanke ta, toka ta fito kamar an share murhu. Aka yanke tsagaggen bututun, mai walda ya sa sabo, aka canja robar giya. Na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa injin yana aiki, babu inda ya yi kumfa. Fitilar ta mutu da kanta.

Baba ya warke, amma bai koma doguwar tafiya ba, ya ce ƙirjinsa ba ya ɗauka. Bai taɓa ɗora mini laifi ba.

Har yanzu ni mai taka-tsantsan ne, ban canja hali gaba ɗaya ba, kuma ban ce girmama manya laifi ne ba. Abin da na koya shi ne, akwai bambanci tsakanin abin da nake zato da abin da na gani da idona na auna. In na gani na auna, kuma lafiyar wani tana ciki, to sassauta magana don kada a yi mini dariya ba ladabi ba ne, tsoro ne kawai. Kuma ba ni na kwanta a asibiti saboda tsoron nan nawa ba, wani bawan Allah ne da ya yarda da ni.