Baƙar Wayar Da Na Bari

Yayana rewaya ne, mai gyaran wutar mota, ni kuwa malamin firamare. Tun muna yara aka raba mana aiki a gida: duk abin da ke da waya nasa ne, duk abin da ke da takarda nawa. Ko ƙwan ɗakina ne ya mutu, shi nake jira. Yana da wata tsohuwar jif da ya saya a gwanjo, ya ɗaura mata winci a gaba, injin nan mai naɗe igiyar ƙarfe ya jawo mota idan ta kafe. Na sha yi masa tsiya cewa ya fi tattalin wincin nan a kan matarsa. Ita ma takan ce gaskiya na faɗa.

Wata Asabar a tsakiyar damina na bi su gonarsa da ke bayan Zungur, shi da matar tasa, za a zuba wa masara taki. Bayan azahar ya je ɗauko buhu kusa da wasu duwatsu, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Na ga macijin da idona yana shigewa ƙarƙashin dutse. Yaya ya zauna a ƙasa, ya dubi ƙafar, ya miƙo mini makullin mota.

"Malam, yau kai ne direba. Kada ka tsaya ko'ina sai asibiti."

Muka kwantar da shi a kujerar baya, matarsa ta riƙe masa kai. Na iya tuƙi, amma irin na kwalta. Tsakanin gonar da titi akwai wani rafi da muka tsallaka da safe ruwan ko taya bai rufe ba. Da na zo kansa sai na tsorata na rage gudu, abin da Yaya kullum yake cewa kada a yi. Motar ta shiga tsakiya ta zauna. Na taka mai, tayoyin suka ƙara haƙa wa kansu rami.

Ba sabis a wayar kowa. Ba gida kusa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen duwatsu, kuma ruwan rafin ya fara canja launi zuwa ja, alamar an yi ruwa a can sama yana tafe.

"Kada ka kashe mota," in ji Yaya. "Ja igiyar wincin ka ɗaura a ɗorawar can."

Na shiga ruwa na jawo igiyar har tsallake, na zagaya ta a gindin ɗorawa, na maƙala ƙugiya. Na dawo na jona rimot a soket ɗinsa na danna. Wani ɗan akwati da ke kan wincin ya yi ƙas. Na sake dannawa, ƙas. Igiyar ko motsi ba ta yi ba.

Na leƙa ta taga. Ƙafar Yaya ta kumbura har ƙwauri, matarsa tana goge masa baki da gefen mayafinta. Na ga jini a mayafin. Daga dasashinsa yake fitowa. Haushi ya kama ni, irin haushin da tsoro ke kawowa.

"Wincin naka na banza ne, Yaya. Duk wannan shafa mai da kake yi masa."

"Me ka ji da ka danna?"

"Ƙas-ƙas kawai."

"To rimot lafiyarsa ƙalau. Buɗe bonet. Akwai fitilar gwaji a aljihun ƙofa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya masa ban san yadda ake amfani da ita ba. Shekara ashirin ina ganinta a hannunsa, ban taɓa tambaya ba. Wata aba ce kamar sukudireba, da ƙwai a ciki da waya mai ɗan baki a ƙarshe. Ya ce in maƙala bakin a kan batir, ɓangaren baƙar waya, in riƙa taɓa inda zai gaya mini da tsinin. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai matarsa ce ke maimaita mini ta taga.

"Ya ce ka taɓa inda jar waya mai kauri ta shiga akwatin."

Na taɓa. Ƙwan ya kama.

"Ya ce wuta tana zuwa. Ka taɓa notin da ke kan injin wincin, ni zan danna."

Na miƙa mata rimot ta taga, wayarsa da kyar ta kai. Ta danna, ƙas, ƙwan ya kama. Wuta tana shiga har injin, amma injin bai juya ba. A lokacin ruwan ya wuce gwiwata, kuma ina jin yana tura ni. Wani busasshen kara ya zo ya maƙale a jikin taya.

Sai na ji shiru daga cikin motar. Na kira shi bai amsa ba. Matarsa ta ce, "Malam, yi aikinka, yana numfashi." Ita da kullum ba ma haɗuwa sai ta tsokane ni, yau ko kallona ba ta yi. Ta sunkuya ta kara kunnenta a bakinsa.

"Ya ce ka taɓa jikin injin. Ƙarfen kansa, inda fenti ya goge."

Na ɗauka zafin dafi ne ya fara juya masa kai. Amma na taɓa, ta danna, ƙwan ya kama tar.

"Ya ce wutar ta shiga ta rasa hanyar komawa. Akwai baƙar waya mai kauri daga wincin zuwa batir. Ka bi ta da hannu."

Ban bi ta ba ma na san inda take. Da bazara, lokacin da matata ta haihu, aka yi kwana da kwanaki ba wuta, jaririya tana ta kuka don zafi. Yaya ya yi tafiya sayen kayan aiki. Na ɗauki sifanarsa na kwance batir ɗin jif na kai ɗaki, muka kunna ƙaramar fanka. Kafin ya dawo na mayar. Na tuna sarai da wata waya da ta zame ta faɗa ƙasa ina ɗaurewa. Na murɗa makulli mota ta tashi, sai na ce ashe ba ta da wani amfani. Ban gaya wa kowa ba.

Na zura hannu ta bayan batir, injin mota yana ƙona mini damtse. Tana nan kwance, bakinta ya yi tsatsa. Na kankare shi da haƙoran filaya. Na kwance notin kan batir, ya kusa faɗa mini a ruwa, na riƙe shi da leɓena kafin na saka wayar na ɗaure.

"Anti, danna."

Wincin ya yi gurnani, igiyar ta fito daga ruwa ta miƙe. Na faɗa mazaunin direba jiƙe sharkaf, na karɓi rimot, na sa giya ɗaya. Motar ta fara fita a hankali kamar saniya daga taɓo. Muna hawa tudu ruwa ya tsuge. Na sauka na kwance ƙugiyar, da na waiga, inda muka tsaya ɗazu wani kututture ne yake wucewa.

A asibiti aka yi masa allurar maganin dafi, aka ƙara masa jini. Ya rayu. Amma ƙafar ba ta koma daidai ba, har yau yana ɗan janta, kuma ba ya iya tsugunawa gaban mota ya daɗe kamar da. Kusan awa guda muka yi a rafin nan. Ban taɓa tambayar likita ko awar ce ta ci ƙafar ba, don ina tsoron amsar. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to ni na ɗebo, wani ya ƙone.

Kwana huɗu ina kai masa kunu ina kasa magana. Rana ta biyar, da matarsa ta fita alwala, na zauna a bakin gado na gaya masa komai, ina kallon ƙasa.

"Na sani," in ji shi. "Tun da ƙwan nan ya kama a jikin injin. Waya ba ta kwance kanta, kuma kai kaɗai ka san inda nake ajiye sifana."

"Ka yafe mini, Yaya."

Ya gyara ƙafar a kan matashi. Sannan ya dube ni.

"Yarinyar dai ta samu barci a daren?"

Na ce ta samu. Ya ce to miƙo masa kunun kafin ya huce.