Katakon Baba Lawal

Baba Lawal baduku ne daga Zariya. Tun zuwansa London yake gyaran takalma a wani matsattsen lungu bayan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato tube. A da lungun na 'yan Sifaniya ne, a nan suke rawarsu ta flamenco, wadda ake buga dunduniya a katako har gini ya amsa. Wata tsohuwar mai rawa, Remedios, ita ta koya masa jera ƙananan ƙusoshi a dunduniyar takalmi don ƙara ta fito. Da aka rufe gidan rawarta, ta bar masa katako guda daga filin rawar.

Yanzu an mai da gidajen lungun sun zama flat, ɗakunan zama masu tsada. Har mai rawa da jar riga aka zana a bango don jan masu saye. Amma don Baba yana ƙwanƙwasa takalmi a katakon nan ya ji irin sautin da yake yi, sai ga manajan ginin, wai ko ya daina ko a kai ƙararsa council, hukumar unguwa.

Baba ko tashi bai yi ba. Ya nuna zanen da guduma.

"Ɗana, waccan ta bango kuke so, don ba a jin ƙafarta. Ni masu ƙafa nake yi wa aiki."

Ya aika wa masu rawar da suka rage cewa ya daina gwada takalmi da hannu. Kowacce ta zo ta saka nata, ta gwada a bakin ƙofa.

Ranar Asabar lungun bai ɗauke su ba, kowacce tana buga dunduniya.