Katunan Kaka a Gwangwanin Biskit

Duk tsawon rayuwata ba na jin zan manta da ranar da aka kwashe kayan ɗakin ƙanen kakana, a gidanmu da ke Wambai. Ina aji biyu na sakandare a lokacin, yarinya mai kunyar da ko a aji ba a jin muryata.

Tsohon ya yi aikin gidan waya tun zamanin Turawa. A can ya tara tsofaffin katunan ban dariya, irin waɗanda ake rubuta gaisuwa a bayansu a aika. Yana ajiye su a gwangwanin biskit. Akwai na ƙaton Bature da akuya ke cin hularsa. Akwai na kyanwa mai tabarau, wadda in ka karkata katin sai ta kashe maka ido. Duk gidan ni kaɗai nake zama mu kalla tare. Ni na lura cewa a kowane kati akwai ɗan ɓera a ɓoye a wani lungu, abin da shi kansa bai taɓa gani ba. Ranar da na nuna masa, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Amaryata, in na mutu gwangwanin nan naki ne." Babu wanda ya ji sai ni.

Bayan rasuwarsa da sati biyu aka samu ma'aikacin Abuja mai son hayar ɗakin, sai aka hau fitar da kaya. Kawuna ya buɗe gwangwanin, ya juya katunan, ya ce tarkacen tsofaffi ne. Sannan ya ɗaga murya: "Akwai mai so?"

Ina tsaye a bakin rijiya. Maganar ta zo har bakina, amma tsakar gida cike take da manya. Na sunkuyar da kai.

Gwaggo ta karɓi gwangwanin don zuba kayan ɗinki, katunan kuma aka juye su a murhu. Ina kallo kyanwar ta lanƙwashe, ta kashe ido sau ɗaya, ta yi baƙi.

Da na gaya wa Inna daga baya ina kuka, cewa ta yi, "Ai da kin yi magana, wa zai hana ki?"

Babu wanda ya zalunce ni, shi ya sa abin yake min ciwo har yau. Daga ranar na gane ba kowace kunya ce tarbiyya ba. Idan aka tambaya, kuma abin naka ne, ka buɗe baki.